Ko akwai tsarki ba tare da tawali'u ba?

'Yar'uwa, kin ce kina ganin masu yawan azumi da addu'a amma zama da su sai haƙuri, shi ne kike tambaya ko tsarki na yiwuwa ba tawali'u.

A ganina ba ya yiwuwa. Tsarki daga wurin Allah yake saukowa, ruwa kuwa gangare yake bi. Dubi misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, na mutum biyu da suka je yin addu'a. Bafarisiyen, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin dokokin addini, yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka, bai yi ƙarya ba. Amma mai karɓar haraji, wanda ya kasa ko ɗaga ido sama, shi ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Annabi Ishaya ma, da ya ga tsarkin Ubangiji, ƙazantar leɓunansa ya fara gani.

Kada sunkuyar da kai da sanyin murya su ruɗe ki, ranar da aka yi wa mutum gyara ake gane shi. Abin da ya fi damuna kuma, wasu na ɗaukar yin shiru ana cutar da su a matsayin tawali'u. In hakan na faruwa a gidanki, kada ki haɗiye, ki sami fastonki ko wata dattijuwa a zumuntar mata.