Tambayi Gwaggo: Tsarabar Sallah Ga Yara, Wacce Za a Saya, Wacce Za a Bari a Kasuwa

Azumi ya raba tsakiya, kuma wasiƙun da ke zuwa mini duk sun koma maganar yara. Bana ba shadda da takalmi kaɗai ake tambaya ba, iyaye da yawa na neman abin da yaro zai ƙaru da shi. Hakan ya faranta mini rai. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Gwaggo, ɗana shekararsa huɗu. A kasuwar Sabon Gari na ga wata 'yar kwamfutar roba mai karanta haruffa da ƙirga da waƙoƙi. Mai shagon ya ce da ita yaro zai iya Turanci tun kafin ya shiga firamare. In saya? (Wata uwa daga Hotoro, Kano)

Amsa: 'Yar uwa, riƙe kuɗinki. Na daɗe ina koyarwa a firamare, ban taɓa ganin yaron da ya shigo aji ɗaya da karatu don an saya masa wannan robar ba. Yaro zai danna, ta yi waƙa, ya sake dannawa, ta sake yi. Hannunsa bai gina komai ba, bakinsa bai furta komai ba. Kwana uku batir ya yi sanyi, muryar ta fara ja kamar ta mai maye, kafin a gama yawon Sallah tana ƙarƙashin gado.

Tunda kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, bari in yi maganar gaba ɗaya. Duk shekara ana jibge mana tarkacen roba a baro da bakin titi da cunkoson motoci, an buga hoton yaro sanye da tabarau a jikin kwalin, an ce kayan ilimi ne. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne batirin da ke cikin irin waɗannan kaya, ƙaramin nan mai faɗi kamar kwabo, irin na agogo. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin, kuma ba lallai a ga wata alama da farko ba sai dalalar miyau ko ƙin abinci. Don haka kafin ki biya kuɗin duk wani abin wasa mai ƙara ko mai haske, juya bayansa. In murfin batirin ba a ɗaure yake da noti ba, in farcenki zai iya ɓalle shi, to na ɗanki ma zai iya. In kuwa tsautsayi ya faɗa, kar a sa yaro amai, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a wuce asibiti nan take a faɗa musu batir ne, a yi masa hoton X-ray. Haka ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa daga haruffan da ake mannawa a jikin firji: biyu in suka shiga ciki suna iya kama juna ta cikin hanji su huda shi.

Sai ki sa hanci. Robar da ke warin kalanzir ko ƙonanniyar taya ba ta bakin yaro ba ce. Ki goga jiƙaƙƙen tsumma a jikin fentin, in launi ya biyo shi, ajiye musu kayansu. Fenti mai araha na iya ƙunsar dalma, mu kuwa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu sanadiyyar ƙurar haƙar zinare. Ban ce kowace roba haka take ba, amma ba ki da hanyar auna ta a bakin kasuwa, yaro kuma komai baki yake kaiwa. Akwai wata alama da ake bugawa a kwali, fuskar jariri cikin jan da'ira da aka soke, an rubuta 0-3. Ma'anarta kar a ba ɗan ƙasa da shekara uku. Ki duba ta, ki kuma tuna da ƙanin da ke rarrafe a tsakar gida, don abin wasan yaya a hannun ƙani yake kwana. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, amma tambari a jikin kwali kowa na iya buga shi. Idonki da hancinki su ne masu gadinki.

Ga abin da za ki yi da kuɗin. Sayi ƙaramin allo da alli, fensiran launi, da littafin zane mai fararen shafuka. Je wurin kafinta ya yanka miki ragowar katako gunduwa-gunduwa, manya yadda ba za su shiga baki ba, ya goge su su yi santsi, kar ya shafa fenti. Da su zai gina gida, ya rushe, ya ƙirga, ya ware manya da ƙanana. Ke kuma ki zauna da shi ko na minti goma ne bayan la'asar.

Tambaya: Gwaggo, kishiyata ta saya wa ɗanta tablet. 'Yata shekararta ɗaya da rabi, wane iri zan saya mata wanda ya fi nasu? (Ba suna)

Amsa: Babu. Wannan sayayyar ba don yarinyar za ki yi ta ba, kin sani, na sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara biyu kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. 'Yarki magana take koyo yanzu, a bakinki za ta ɗauke ta. Ba ta kofuna da murafen tukwane ta jera, ki yi mata tawai. Ga masu manyan yara da suka dage sai sun saya: in kun je Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, a kunna muku a gabanku, ku shiga saiti ku ga girman ma'ajiyar da idonku, don abin da ke rubuce a kwali sau da yawa ba shi ne a ciki ba. Ku karɓi rasit.

Tambaya: Gwaggo, yayana ya rasu bara ya bar yara biyar, daga mai shekara shida zuwa mai goma sha uku. Wannan ce Sallarsu ta farko babu shi. Bayan ɗinki, naira 15,000 ce ta rage mini. Ina jin kunyar in je musu da ƙaramin abu. (Wani malamin makaranta daga Gwale)

Amsa: Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta, kai kuma ya saka maka da alheri. Malam, cire kunyar nan daga ranka. Yaran nan fuskar baffansu a ƙofar gida ranar Idi suke jira. Kar ka raba kuɗin gida biyar ka sayo ƙananan robobi biyar. Sayi abu ɗaya da zai tara su wuri guda: ludo mai allon katako, ko ka haƙa musu gurabun dara a tsakar gida ka koya wa manyan, ba ko sisi. Kowane ka ba shi asusun ƙasa, ya rubuta sunansa a jiki, ya riƙa jefa barka da Sallarsa, babbar kuma ta riƙe littafin lissafin abin da kowa ya zuba. In gidan da fili kuma kuɗin ya kai, ƙara musu budurwar kaza ta gida. Za su ba ta tsaba, su ga ta yi ƙwai, in da zakara a kusa kuma su ƙirga kwana 21 na kwanci har ta ƙyanƙyashe. Amma ka guji 'yan tsakin kwana ɗaya da ake talla a kwali, ba sa daɗewa a hannun yara, kuma waɗannan yaran ba sa bukatar wani kukan rashi. Bayan hawan Sallah ya lafa, kwashe su zuwa Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano. Ga shi kusa da ku, gini ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma kai malami ne, ka san yadda za ka ba su labarin abin da suka gani.

Tambaya: Ɗana ya kafe sai bindigar roba mai harsashi, ya ce duk abokansa za a saya musu. Ai tana koya saiti, ko? (Wani uba daga Zariya)

Amsa: A'a, Alhaji. Harsashin nan ƙanƙane ne amma yana fasa ido, kuma idon ɗan maƙwabci ne zai tare shi. In saiti kake so ya koya, saya masa ƙwallo. Kukan kwana ɗaya zai yi. Haka nan abin fashewar nan da yara ke kunnawa a lungu, kar ka ba da kuɗinsa.

Tambaya: Gwaggo, 'yata shekararta goma sha ɗaya, tana da ƙoƙari amma ba ta son karatu in ba na jarrabawa ba. Ina tsoron in saya mata littafi ta ji kamar hukunci na yi mata ranar Sallah. (Wata uwa daga Katsina)

Amsa: Tsoronki na kan hanya, Hajiya. In kika miƙa mata littafin tambayoyin jarrabawa a matsayin tsaraba, hukuncin kika yi mata. Littafin labari za ki saya, kuma ki fara da harshen da take mafarki da shi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, labaransa gajeru, ana gama ɗaya a zama guda. Ɗauki na farko kawai. Kar ki ce mata karanta. Bayan sallar isha ki buɗe ki karanta musu da ƙarfi, in labari ya kai inda ya fi daɗi ki rufe ki ce bacci kike ji, ki bar littafin a kan tabarma. Ki haɗa mata da abin da take so, lalle ko 'yan kunne, a leda ɗaya, da sabon littafin rubutu mai kauri da zai zama nata ita kaɗai, wanda ba mai duba mata kuskure a ciki.

Wurin saye kuma ki kula, don littattafai ma ana buga na jabu. Tsaya a shagon ki buɗe tsakiya, ki bi lambobin shafi ko akwai tsallake, ki duba ko tawadar ta dushe ko ta huda zuwa bayan takarda, ki ɗan ja shafi ɗaya a hankali ki ga ko ɗinkin zai riƙe. In mai shago ya hana ki buɗe ledar, je shago na gaba.