Katin sauti na tsohuwar kwamfutar DOS: abin da na gani da idona

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, sai na bari har na samu natsuwa, don amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce ka tsinci Pentium MMX 200 a wajen masu kayan gwanjo, madabod ɗinta (babban allon cikin kwamfuta) na da ramukan cusa kati, na tsohon tsarin ISA biyu da na sabon tsarin PCI uku, kana son buga gem na zamanin DOS irin su Monkey Island da Doom da Duke Nukem 3D, kuma an yi maka tayin katin sauti biyu, Sound Blaster Live! da AWE64. Na ga wasu sun ce ka ɗauki Live! tunda shi ne ya fi sabunta. Ni dai da ƙanena ne ya tambaye ni, cewa zan yi ya ajiye Live! ɗin nan gefe.

Ba wai katin banza ba ne. Ya fito a 1998, kuma ga gem na Windows 98 yana yin aikinsa sosai. Matsalar ita ce a ramin PCI yake zama, su kuwa gem na DOS ba su san wani direba ba. Kai tsaye suke magana da katin, suna neman sa a adireshi kaza, da layin IRQ kaza (wanda kati ke jan hankalin furosesa da shi), da tashar DMA kaza (hanyarsa ta ɗibar bayanai daga memori), duk bisa tsarin ISA. Katin PCI sai dai ya yi shigar burtu: a loda wata manhaja ta zauna a memori tana yaudarar gem ɗin cewa ga Sound Blaster 16 nan. Ta Live! ba ta tashi sai da EMM386, manhajar DOS mai kula da memori, akwai kuma gem da ba sa ga maciji da EMM386. Kiɗan FM ɗinsa kuwa, in ka taɓa jin na asali, kunnenka ba zai yarda ba. Mai ramin ISA har biyu ba shi da dalilin shan wannan wahala, ga shi AWE64 katin ISA ne. Rijiya ta ba da ruwa, kar guga ya hana.

Abin da na jima ban gane ba, wanda da na gane shi da wuri da ban yi asarar kuɗi ba, shi ne "sauti" a waɗannan gem ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙarar bindiga da buɗe ƙofa da maganar mutane, waɗanda naɗaɗɗen sauti ne da katin ke sake kunnawa. Akwai kiɗan FM, wanda wata ƙaramar aisi (IC, baƙin ƙwayar lantarkin nan da ke manne a jikin kati) ta Yamaha ke ƙirƙira nan take. Sai kuma kiɗan MIDI, inda gem ɗin ke aika umarni kawai, "buga wannan sauti da molo, wancan da ganga", wata na'ura daban ta buga. Kati na iya ƙwarewa a ɗaya ya zama ɗan koyo a sauran. Saboda haka kafin ka tambayi wane kati ne ya fi, rubuta gem goma da kake ƙishirwar bugawa, ka sa shekarar kowanne a gabansa. Takardar nan ita za ta yi maka zaɓi.

Gem na 1988 zuwa wajen 1992 kusan duk da kiɗan FM suka dogara. AdLib, wani kamfanin Kanada, shi ya buɗe ƙofar a 1987 da aisi mai lamba YM3812, wadda ake kira OPL2, mai murya 9. Creative na Singafo suka fito da Sound Blaster a 1989, suka sa aisi ɗin nan dai, suka ƙara naɗaɗɗen sauti da ramin joyistik, shi ke nan kasuwa ta koma hannunsu. Daga baya OPL3 ta zo, lambarta YMF262, murya 18 kuma sitiriyo. Masu tsara kiɗan wancan lokaci da waɗannan aisi suke saurarar aikinsu, don haka duk katin da ke kwaikwayo, komai kyansa, wani abu zai ɗan kauce.

Nan ne AWE64 ɗinka ke da rauni. Babu Yamaha a cikinsa. Creative sun maye gurbinta da nasu ƙirar da ake kira CQM, haka ma a Sound Blaster 16 na baya-baya da yawa. Wasu ba sa jin bambancin, kuma ba na ganin laifinsu. Ni ina ji, musamman a ganguna da sauti masu kauri, sai in ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In za ka je duba kati a kasuwa, tafi da fitilar wayarka. Na taɓa tsugunawa gaban wani kwali cike da katuna a titin Beirut a Kano, ƙura ta rufe su har ba a ganin rubutu, ina shafa kowanne da babban yatsa ina haskawa. Mai shagon ya zaci zinaren bakin katin nake nema. Abin da nake dubawa lamba ce: in ka ga YMF262, ko babbar aisi CT1747 mai tambarin OPL, to na asali ne. In ka ga CT1978, CQM ke nan. Sunan da ke jikin kwali ba ya gaya maka komai, don "Sound Blaster 16" suna ne da aka raba wa katuna iri-iri. Lambar CT da ke gefen katin ita ce shaida.

Tunda na ambaci Sound Blaster 16, wanda ya fito a 1992, bari in faɗi abin da aka san shi da shi, don kar wani ya tallata maka shi a matsayin maganin komai. Waɗanda DSP ɗinsu, wato aisin da ke sarrafa naɗaɗɗen sauti, ke da lamba 4.11, 4.12 ko 4.13 suna da wata cuta: in ana kunna naɗaɗɗen sauti kuma ana aika MIDI ta cikinsu a lokaci guda, sai wani sauti ya maƙale, ya yi ta kuka shi kaɗai kamar ƙahon motar da ya lalace. A Doom ake yawan kama shi. AWE64 na da 4.16, ya tsira daga wannan. Ga shi sautinsa a wanke yake, ba shi da yawan shuuu ɗin nan na tsofaffin katuna. Yana kuma da EMU8000, injin kiɗan da ya gada daga AWE32 na 1994, kuma Doom 1.9 da Duke Nukem 3D duk suna da zaɓin AWE32 a wajen saitinsu. Ka zaɓe shi kai tsaye, za ka ji kiɗa ya cika ɗaki fiye da FM. Amma kar ka dogara da AWEUTIL, manhajar Creative mai karkatar da MIDI zuwa EMU8000, don gem da ba su san AWE ba, ba ya aiki da masu amfani da DOS4GW, manhajar da ke buɗe wa gem ƙarin memori, waɗanda su ne mafi yawa daga 1993 zuwa sama.

Katin da ya fi daɗewa a injina kuwa ba mai suna ba ne. Wani ɗan siriri ne mai aisi Yamaha YMF719, irin wanda a da ake sa wa kwamfutocin ofis masu arha, ba wanda ke waiwayarsa. OPL3 na gaskiya ne a cikinsa, yana amsa sunan Sound Blaster Pro wanda kusan kowane gem ya sani, MIDI ɗinsa ba ya maƙalewa, kuma da yawansu na da ƙusoshin da ake ɗora ƙaramin katin kiɗa a kai, abin da AWE64 ba shi da shi. ESS AudioDrive mai lamba ES1868F shi ma haka, FM ɗinsa kwaikwayo ne amma mai daɗin ji. Abin da za ka rasa shi ne yanayin 16-bit na Sound Blaster 16. Gaskiya a lasifikar tebur, tsakiyar harbe-harbe, ban taɓa tsayawa na yi kewarsa ba.

Sai MIDI, inda kuɗi ke zurarewa. Roland MT-32 akwatin kiɗa ne na waje da ya fito a 1987, kamfanin gem na Sierra suka ɗauke shi da King's Quest IV a 1988, wasu suka bi sahu, Monkey Island ma na da kiɗan da aka tsara masa. A 1991 aka yi ƙa'idar General MIDI, Roland suka fitar da akwatin SC-55 mai bin ta, kuma a kansa aka tsara kiɗan Doom. Kar ka bari a ruɗe ka cewa tsakanin MT-32 da SC-55 ɗaya zai maye ɗaya. Jerin kayan kiɗansu ba ɗaya ba ne, in ka tura kiɗan General MIDI cikin MT-32 sai ka ji wani kayan kiɗa daban a inda ya kamata a ji gita. Ƙari a kan haka, wasu tsofaffin gem na neman MPU-401 cikakke, wato ƙofar MIDI irin ta Roland, alhali katunan da muke magana a kansu rabin aikin kawai suka iya, wato UART. Manhajar SoftMPU na toshe wannan giɓi a mafi yawan lokuta.

Ranar da na fara jin SC-55 a Doom na ajiye linzami na zauna ina saurare, dodanni suka kashe ni ban damu ba. Amma ga abin kunyar da ya biyo baya. Akwatin daga Japan ya zo, adaftarsa ta wuta 100 ce, tamu kuwa 230. Cikin ɗoki na cusa ta a soket ba tare da na karanta bayanta ba. Ƙara ɗaya ta yi, fat, sai warin ƙonannen roba. Allah ya taimake ni adaftar ce kawai ta tafi. Da na je neman wata sai na kusa yin ta biyu, don waɗannan akwatunan Roland 9V suke sha amma tsakiyar filoginsu negatif ne, akasin yawancin adaftocin kasuwa. Wani mai gyaran rediyo ne ya duba zanen da ke bayan akwatin ya ce, "Alhaji, wannan a juye take," ya warware wayar ya sake haɗawa. Tun daga ranar ba na haɗa komai sai na gwada da mita, kuma injin gaba ɗaya a bayan sitabilaiza yake.

Shawarata kar ka sayi ko ɗaya daga cikin akwatunan nan yanzu. Farashinsu ya haura, ga kuɗin jigila, ga canjin dala. In kana da Raspberry Pi, mt32-pi na kwaikwayon MT-32 da kyau ƙwarai, yana kuma iya General MIDI. Haka zancen Gravis UltraSound na 1992. Kati ne mai ban sha'awa, Jazz Jackrabbit da One Must Fall 2097 na fita tas a kansa, amma wajen kwaikwayon Sound Blaster ba ya taɓuka abin kirki, ba ya zama kati tilo. Yanzu akwai PicoGUS, sabon katin ISA da aka gina kan Raspberry Pi Pico, yana iya zama UltraSound yau, gobe AdLib ko MPU-401. Ramin ISA ɗinka na biyu ka tanadar masa, ko wa ɗan Yamaha in ka ci karo da shi.

Duk katin da ka ɗauka, saiti ne zai fi ba ka ciwon kai. A AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke karantawa in injin ya tashi, ana sa layi kamar haka ga AWE64:

SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 P330 E620 T6

A220 adireshin katin ne, I5 layin IRQ, D1 da H5 tashoshin DMA, P330 ƙofar MIDI, E620 ta EMU8000. Layin nan sanarwa ce kawai ga gem, ba shi ke saita katin ba. AWE64 ba shi da jamfa, ba ta sawa ba, ƙananan robobin nan da ake matsarwa da hantsaki, don haka sai an tashe shi da manhajar CTCM, ko UNISOUND wanda ya fi sauƙi kuma ba ya zama a memori. Na taɓa kwana uku ina fama da wani gem: bindiga ta yi ƙara sau ɗaya, sai shiru, wani lokaci injin ya sandare. Na canza kati, na canza rami, har na fara zargin madabod. Ashe katin na kan IRQ 5, gem ɗin kuma tsoho ne, 7 yake nema, don a nan Sound Blaster na farko ke zama. In ka ga wannan alama ta sauti ɗaya sai shiru, fara da IRQ. In ka mayar da katin kan 7, shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kashe ramin firinta, don shi ma 7 yake riƙe da ita.

Pentium 200 kuma ya yi wa wasu gem na 1990 gudu, har su kasa gano AdLib ko kiɗan ya rikice. Kashe kash (cache), ƙaramar memori mai sauri da ke cikin furosesa, a BIOS, injin zai koma tafiyar tsohuwar furosesa 386, galibi abin ya daidaita. Kar ka manta da siririyar wayar nan mai baki huɗu daga CD-ROM zuwa katin, in babu ita Quake zai tashi ba kiɗa, don nasa a kan faifan yake. Lasifika mai wutarta ka haɗa a Line Out, ka rufe makirufo da Line In a mikisa, rabin shuuu ɗin zai tafi. Bakin katin mai ruwan zinare kuma goge shi da magogin fensir kafin ka cusa, ƙurar hunturu ta sha sa ni zaton lafiyayyen kati ya mutu.

To, a cikin biyun da ke gabanka, ɗauki AWE64 in farashin bai wuce hankali ba. Yawancin jerinka na 1993 zuwa sama ne, nan ne gidansa. Sai dai ka ce wa mai shi ya kunna maka kafin ka biya, ka saurari kunnen hagu da na dama daban-daban, ka duba kafasitocin ko akwai wanda ya kumbura. In ka samu dama ɗauko hoton gaban katin inda lambar CT take ka turo, zan gaya maka ko Value ne mai 512KB ko Gold mai 4MB, don wasu masu sayarwa duk Gold suke kiransu.