Katangar tare ƙasa a filin gangare: bulo ko kankare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Guzape, Abuja, filin kuma gangare ne. An yanka tudun aka fitar da ɗakin ƙasa mai ƙofa zuwa bayan gida. Yanzu ga ƙasa tsaye a gefen ƙofar, ta kai mita 2.5. Birkilana ya ce bulo mai inci 9 ya isa in an cika shi da kankare. Wani kuma ya ce sai zubin kankare da rodi, kuɗinsa ya fi sosai. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka zaɓi kankare da rodi, kuma injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zana katangar kafin a haƙa tushe. A wurare da dama, katangar da ta wuce mita 1.2 ba a yarda a yi ta ba sai da zanen injiniya, taka kuwa ta ninka haka. Ba raina birkilanka nake yi ba, amma katangar da ya saba ginawa nauyin kanta kawai take ɗauka. Wannan ƙasa ce ke tura ta daga gefe dare da rana, kuma in tsayi ya ninka biyu, turin sau huɗu yake ninkawa.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya yi maka maganar ruwa a cikinsu. Yawancin irin waɗannan katangu ruwa ne ke kayar da su. Da rani za ka ga komai lafiya lau. Sai Agusta, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ruwan ya rasa hanya, ya taru a bayan katanga, alhali kowace mita kubik ta ruwa tan guda ce. Daga nan sai tsaga ta bayyana, fenti ya fara ɓarewa a ɗakin ƙasa, katanga ta turo tumbi.

Saboda haka ka tsaya da kanka ranar ciko, wato ranar cike bayan katangar. A shafe bayan katangar da kwalta, musamman ɓangaren da ya jingina da ɗaki. A shimfiɗa bututu mai huje-huje, inci 4, a gindinta, a karkata shi ya fita har kwata. A bi shi da tsakuwa, a sa yadin tace ruwa tsakanin tsakuwar da ƙasa don kada laka ta toshe shi. Ɓangaren da ke waje a bar masa ƙananan ramukan fitar ruwa a gindinsa, kuma ka hana mai filasta liƙe su, don sun iya wannan ɓarna da sunan gyara. Kada a mayar da yumɓun da aka haƙo, yana riƙe ruwa ya kumbura. Ciko kaɗan-kaɗan ake yi ana daɓewa, bayan kankare ya ƙosa, wanda yakan ɗauki kwana 28. Bangon ɗakin kuma kada a cike bayansa sai an zuba dekin da ke tokare shi.

Ka duba rodi kafin a rufe katakon zubin kankare: a katangar da ke waje, manyan suna gefen da ƙasar ke turowa ne, domin nan kankare ke jin ja. Ruwan rufi kada ya zuba a bayan katanga, haka tankin ruwa da wurin ajiye mota su yi nesa da bakinta. A bakin ƙofar a sa magudana.

In kana da sarari, tambayi injiniyan ko za a raba ta biyu, gajeru kamar matakala, da tazara mai kyau a tsakani. Sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi.

Tambaya: A Jos nake, dutse na da araha a wajenmu. Ragar waya da ake cikawa da duwatsu za ta yi mini? Ƙasar ba ta kai mita ɗaya ba, kuma a lambu ne.

Amsa: Za ta yi, Hajiya, har ma ta fi, tunda ruwa na ratsa ta ya wuce. Sai dai tana cin wuri. Ki sayi waya mai kauri wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, duwatsun su fi idon ragar girma, a ɗan kwantar da ita ta wajen tudu. Kada dai a jingina ta da bangon ɗaki, ruwan da ta saki can zai nufa.