Zan iya sa ledar biskit ɗina ta yi kama da ta babban kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantuna biyu na kayan masarufi, kuma na daidaita da wata masana'anta za ta riƙa yi mini biskit da sunan kantina. Mai zanen da na ba aiki ya kawo mini samfurin leda wadda launinta da tsarinta suka yi kama sosai da ta biskit ɗin da ya fi tafiya a wurina, suna ne kawai ya bambanta. Ya ce haka manyan kantunan Turai irin su Aldi da Lidl suke yi, kuma muddin suna ba ɗaya ba ne, doka ba ta da ta cewa. Kafin in biya kuɗin bugu, ina neman shawararka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dakata da biyan kuɗin bugun nan tukuna. Mai zanenka bai yi ƙarya ba da ya ce Aldi da Lidl suna yin haka. Abin da bai gaya maka ba shi ne zaryar da suke yi a kotu a kan wannan ɗabi'a, da yadda hukunci ya fara juya musu baya a 'yan shekarun nan. Zancen cewa suna kaɗai doka take dubawa kuwa, ko a da can bai cika zama gaskiya ba.

Rigimar da aka fi sani ita ce ta kek. Tun 1990 kantin Marks & Spencer na Birtaniya yake sayar da wani kek mai siffar tsutsa, lulluɓe da cakulan, ana kiran sa Colin. Aldi ya fito da nasa mai suna Cuthbert, a farashi mai rahusa. A watan Afrilun 2021 Marks & Spencer ya kai ƙara babbar kotu a Landan. Aldi ya mayar da abin wasa a shafukan sada zumunta, yana ta barkwancin a saki Cuthbert daga kurkuku, jama'a na dariya suna yaɗawa. A farkon 2022 aka ji sun sasanta a asirce, daga baya Cuthbert ya dawo kan kanta da ɗan sauyi a kamanninsa. Masu zane suna yawan kafa hujja da wannan labari, alhali babu alƙalin da ya yanke hukunci a cikinsa. Ga shi kuma mai ƙarar yana da rauninsa: Tesco da Asda da Waitrose da Sainsbury's duk sun daɗe suna sayar da nasu kek ɗin mai siffar tsutsa, kuma da wuya mutum ya ce siffa tasa ce shi kaɗai bayan ya zuba ido shekara da shekaru wasu suna yin ta.

Shari'un da aka kai ƙarshensu su ne abin dubawa. Tsohuwar hanyar ƙara a dokar Ingila ita ce zargin sojan gona, wato ka sa mai saye ya ɗauka kayanka na wancan kamfani ne ko suna da alaƙa da shi. A 1990 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci, a shari'ar ruwan lemon tsami na Jif da ake sayarwa cikin 'yar roba mai siffar lemon, ta tsayar da abin da mai ƙara zai tabbatar: kayansa sun yi suna a wurin masu saye, an ruɗi jama'a, kuma ruɗin ya jawo masa asara ko zai jawo. Da wannan ma'auni kamfanin United Biscuits, mai biskit ɗin Penguin da ke ɗauke da hoton tsuntsun penguin a ledarsa, ya kayar da kantin Asda a 1997. Asda ya sa wa nasa suna Puffin, ya zana wani tsuntsun teku mai baƙi da fari a jikin leda. Suna daban ne, tsuntsun ma daban ne, amma kotu ta gamsu cewa masu saye da yawa za su ɗauka masana'anta ɗaya ce take yin su duka biyun, dole Asda ya sauya kunshinsa. Biskit ne fa, Alhaji, irin naka.

Gaskiya ne wannan hanya tana da wuyar bi. A 2014 kamfanin man gashi na Moroccanoil ya faɗi a ƙarar da ya kai Aldi, don kotu ta ga cewa masu shiga Aldi sun san sarai kwaikwayo suke saye, babu wanda aka ruɗa. Daga irin wannan hukunci ne fahimtar mai zanenka ta samo asali. Sai dai manyan kamfanoni ba su zauna ba. Suka koma yi wa kunshin kansa rajista a matsayin alamar kasuwanci, da launi da zane da yadda aka jera rubutu, ba suna kawai ba.

Amfanin wannan dabara ya fito fili a shari'ar Thatchers, wani kamfanin iyali a yammacin Ingila mai yin giyar tuffa. Kayan ba irin naka ba ne, amma hukuncin ya shafi duk mai sa kunshi a kanta. Thatchers ya fitar da wani nau'i mai ɗanɗanon lemon a 2020, ya yi wa zanen gwangwanin rajista. A 2022 Aldi ya fito da nasa ƙarƙashin sunan Taurus. A watan Janairun 2024 kotun farko ta kori ƙarar, ta ce kamannin kaɗan ne kuma ba za a ruɗe ba. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci. Ba ta ce an ruɗi kowa ba, don sashe na 10(3) na dokar alamun kasuwanci ta 1994 bai buƙaci ruɗi ba. Ya isa a nuna cewa alamar ta yi suna, mai saye yana ganin taka sai waccan ta faɗo masa a rai, kuma kai ka ci gajiyar hakan ba bisa adalci ba. Dubi abubuwan da suka kayar da Aldi. Ya sa kayan Thatchers a gaba a matsayin abin koyi lokacin tsara nasa. Ya bar salon da ya saba yi wa sauran gwangwanayen Taurus ya karkata zuwa na Thatchers. Har wasu siraran layuka da suka gitta jikin gwangwanin, waɗanda sai ka ƙura ido za ka gan su, sun bayyana a nasa, kuma irin wannan ƙaramin abu ba ya haɗuwa bisa tsautsayi. Sannan ya yi ciniki mai yawa cikin ɗan lokaci ba tare da ya kashe kuɗin talla a kan kayan ba, abin da kotu ta ɗauka shaida ce cewa tallan wani ne ya yi masa aiki. Saƙon da gwangwanin yake isarwa, a fahimtar kotu, shi ne: irin na Thatchers ne, amma ya fi araha. In ka faɗa wa kanka gaskiya, ai wannan saƙon kake so ledarka ta isar.

Akwai wata ƙofar kuma da mutane suke mantawa da ita, haƙƙin mallakar zane. Hoton da ke jikin leda aikin fasaha ne, yana da mai shi, kuma a yawancin ƙasashe kariyarsa ba ta jiran rajista. A watan Disamban 2024 kotun tarayya a Ostireliya ta samu Aldi da laifin keta wannan haƙƙi a kunshin wasu kayan ciye-ciyen yara da suka yi kama da na Baby Bellies. Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne an karanta saƙonnin da suka gudana tsakanin kantin da masu yi masa zane, inda ake kiran kayan wancan kamfani abin koyi, ana maganar yadda zanen ya matsa kusa da shi fiye da kima. Yanzu ka buɗe wayarka ka duba hirarka da mai zanenka. In akwai hoton ledar wancan kamfani da ka tura masa, da rubutu a ƙasa cewa a yi maka irin wannan, to ka riga ka rubuta wa lauyansu shaidarsa da hannunka.

Ba a Ingila da Ostireliya kaɗai abin yake ba. A 2022 kotun ƙolin Suwizalan ta hana Lidl sayar da cakulan mai siffar zomo naɗe cikin takardar zinare saboda kamanninsa da na Lindt, ta ba da umarnin a lalata ragowar, tana mai nuni da cewa cakulan ɗin kansa ba sai an zubar ba, ana iya sake sarrafa shi. A Amurka, kamfanin Mondelez mai Oreo da Ritz ya kai Aldi ƙara a jihar Illinois a watan Mayun 2025 kan kunshin biskit. Su kansu kantunan ba sa raga wa juna: Lidl ya kayar da Tesco a 2023 a kan da'irar rawaya cikin shuɗin murabba'i da Tesco yake sa wa farashin rangwame, wadda ta yi kama da tambarin Lidl, aka tabbatar da mafi yawan hukuncin a 2024, kuma Tesco da bakinsa ya ce sauya alamun zai ci masa kusan fam miliyan 8.

To, bari mu ajiye doka mu yi lissafin kasuwa, don nan ne na fi jin tsoron maka. Aldi yana da dubban kantuna da lauyoyin da albashinsu yake tafiya ko da ƙara ko babu. In an kai shi kotu, jaridu suna yi masa talla kyauta. In ya faɗi a kaya ɗaya, sauran ɗaruruwan suna rufe asarar. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Kai wasiƙar lauya guda ɗaya ta isa ta tsayar da kai. Masana'antar leda ba ta buga kaɗan, za ka biya kuɗin farantan bugu na kowane launi, ka karɓi naɗe-naɗen leda masu yawa. In aka ce a janye, ledar ta zama shara, farantan sun tashi a banza, biskit ɗin da aka riga aka ƙunsa yana zaune a sito kwanan lalacewarsa na matsowa. Duk wannan kafin a zo maganar diyya da kuɗin lauya.

Kuma wanda kake shirin kwaikwaya, ka tuna, shi ne mai kawo maka kayan da ka ce sun fi tafiya a kantinka. Ba ya ma buƙatar kotu. Wakilinsa yana shigowa ya ga ledarka kusa da tasu, ya ɗauki hoto, wata mai zuwa ka ji an janye maka rangwame ko an daina ba ka kaya bashi. Aldi bai damu da wannan sosai ba, don mafi yawan abin da ke kan kantarsa nasa ne. Kai kuwa jama'a suna shigowa wurinka ne saboda waɗannan sanannun kaya.

Wannan ba yana nufin ka fasa biskit ɗin ba. Kaya mai sunan kanti dabara ce mai kyau, ribarsa ta fi kauri kuma yana ɗaure mai saye da kantinka. Doka ba ta hana ka yin biskit irin nasu ba, ba ta hana ka nuna hotonsa a leda ba, ba ta hana ka ajiye shi kusa da nasu da farashi a rubuce ɓaro-ɓaro ba. Abubuwan da kowa a wannan layi yake amfani da su don nuna irin kaya, kamar launin ruwan ƙasa ga mai cakulan ko hoton zangarniyar alkama, na kowa ne. Matsala tana farawa ne in ka tattara abubuwan da suka keɓanta da kamfani ɗaya: shuɗinsa, karkacewar rubutunsa, inda ya ajiye hoton, duk a leda guda.

Ka mayar wa mai zane da samfurin, ka ba shi sabon umarni a rubuce. Ya fara daga launi da tambarin kantinka, ya fitar da salon da zai hau biskit yau, ya hau taliya ko madara gobe, ta yadda mai saye zai gane kayanka daga nesa. In ya kawo, kada ka gwada su a kan tebur kana ƙirga bambance-bambance, don mai saye ba haka yake kallo ba. Ka jera su a kanta, ka sa mutanen da ba su san zancen ba su wuce su ɗan kalla, sannan ka tambaye su wa ya yi wannan. In sunan wancan kamfani ya fito daga bakinsu, a koma a sake.

Kafin bugu, lauyan da ya san harkar alamun kasuwanci ya bincika rajistar ƙasar da kake ciniki, don kariyar alama ba ta tsallake iyaka da kanta, kuma hukuncin Landan ba ya ɗaure kotun wata ƙasa ko da alƙalanta suna dubawa. Ya duba har da rajistar siffar kaya, wadda da ita Marks & Spencer ya kayar da Aldi a 2023 a kan wata kwalba mai fitila a gindinta. Sannan ka yi wa naka sunan da zanen rajista. Biskit da kek da cakulan suna aji na 30 cikin azuzuwa 45 na tsarin da yawancin ƙasashe suke bi, kuma rajista a mafi yawansu tana ɗaukar shekara 10 ana sabuntawa. Mai zane ya sa hannu cewa aikin nasa ne, bai ɗauko daga ko'ina ba, kuma ya mallaka maka haƙƙinsa, don biyan kuɗin aiki kaɗai ba kullum yake mayar da zane naka ba. Yarjejeniyarka da masana'anta ita ma ta fayyace wa zai ɗauki asara in aka ce a janye kaya.

Ka kuma ja kunnen yaran kantinka. Mai saye zai ɗaga biskit ɗin ya tambaya ko yana da daɗi, yaro kuma don ya sayar sai ya ce ai kamfani ɗaya ne yake yin su, leda ce kawai daban. Ko da ledarka ba ta yi kama da ta kowa ba, wannan maganar kaɗai tana iya zama hujjar sojan gona a kanka. Su ce na kantinmu ne, ga farashinsa, a ɗanɗana a gani.