Tambayoyinku: Sai likita kaɗai ke binciken lafiyar haihuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na gama digirin farko a nazarin zamantakewa, kuma burina in zama malamar jami'a mai bincike kan lafiyar haihuwa da ta jima'i. Kawuna, wanda shi ya ɗauki nauyin karatuna, ya ce wannan fagen likitoci ne, ni da ko allura ban iya yi ba me zan tsinana? Ya ƙara da cewa wadda ba ta yi aure ba ba ta da bakin magana a nan. Don Allah akwai gurbina a ciki? Kuma ana samun abin rufin asiri? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki gaida min Kawu. Yana da gaskiya a kan ɗakin tiyata, can na likita ne, ni ma da na tsufa a wannan aiki ban taɓa karɓar haihuwa ba. Amma abubuwan da suka fi kashe mai ciki, irin su zubar jini da hawan jini mai kawo jijjiga, likitoci sun daɗe da sanin maganinsu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 suka rasu sanadin ciki da haihuwa, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara suke. Me ya hana su isa wurin maganin? A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar a fita neman taimako, jinkirin hanya, sai jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Wa ke riƙe da kuɗi, wa ake jira ya ba da izini, wace irin tarba aka yi wa matar a zuwanta na baya har ta rantse ba za ta koma ba: gwajin jini ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Sai an zauna an tambaya. A 1994 ɗin ce kuma ƙasashe 179 suka haɗu a Alƙahira a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da ci gaba, aka karkata daga lissafin rage yawan jama'a zuwa lafiyar mutum da zaɓinsa, abin da ya ƙara buɗe wa irinmu ƙofa.

To amma tambayar ita ce aikin, kuma ta fi yadda kike zato wuya, domin abin da za ki tambaya shi ne abin da mutane suka fi ɓoyewa. A binciken ƙasashe da dama, idan aka tambayi maza yawan matan da suka taɓa kusanta, aka tambayi mata yawan maza, lissafin ba ya haɗuwa. Na maza ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wani ya ƙara, wata ta rage, wani kuma kintata kawai ya yi. Zubar da ciki ya fi haka tsanani: ko a inda doka ta yarda da shi, abin da mata ke faɗa wa mai tambaya ba ya kai abin da ke rubuce a asibitoci. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabaru. Akwai wadda za a miƙa wa mace na'ura da abin sawa a kunne, ta ji tambaya ta latsa amsa, ba wanda ya ga fuskarta. Akwai wadda ba za ki tambaye ta kanta ba, sai ki tambaye ta labarin aminiyarta ba tare da suna ba. Mace-macen masu ciki ma, a inda ba a rajistar mutuwa, ta bakin 'yan uwa ake ƙirga su: 'yan uwanki mata nawa, nawa suka rasu, wace ce ta rasu da ciki ko a jego. Kowace dabara na da nata aibu, kuma gano aibun nan da auna girmansa shi ne abin da ake ba mutum digirin digirgir a kai.

Maganar aure ba zan yi miki ƙarya ba, tana tasiri. Dattijuwa za ta iya dubanki ta ce ke yarinya me kika sani, ta ja bakinta ta tsuke. Amma 'yar shekara 16 da ba za ta taɓa buɗe min baki ba saboda na yi sa'ar uwarta, ke za ta gaya miki. Don haka ake haɗa ayarin masu tambaya da manya da yara, mata su ji mata, maza su ji maza. Ni abin da na fi dubawa ga ɗaliba shi ne fuskarta. Idan aka faɗa mata abin da ya girgiza ta, gira ta ɗaga? Ta fara nasiha? Da kin fara wa'azi, ko na hani ko na kwaɗaitarwa, hira ta ƙare. Kina da aƙidarki, ba wanda ya ce ki ajiye ta, amma an aike ki ne ki ji.

Sai amana. Abin da ke cikin rikodarki zai iya kashe aure, zai iya jawo wa mace duka. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 kan binciken cin zarafin mata a gida sun ce mace ɗaya tak ake tambaya a gida ɗaya, a keɓe, kuma ki tanadi wasu tambayoyi marasa haɗari da za ki juya kansu da zarar wani ya shigo. Ba ki fita ko ƙofa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da takardunki. Ɗalibai na ƙorafin yana cin watanni. Ya ci.

Hanyar karatu kuwa a miƙe take. Digiri na biyu a lafiyar al'umma ko nazarin yawan jama'a, sannan digirgir. Ki koyi ƙididdiga ko da ba kya sonta, ki iya manhajar ƙididdiga irin su Stata ko R, domin mai iya hira kaɗai da mai iya lissafi kaɗai duk rabin ma'aikaci ne. Ki yi atisaye da bayanan DHS, binciken gida-gida da aka soma a 1984, wanda ya shafi ƙasashe sama da 90. Don digirgir ki duba CARTA, shirin horar da malaman jami'o'in Afirka da APHRC, cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya da ke Nairobi, ke jagoranta tare da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu. Sai dai malaman jami'o'in da ke cikin shirin yake ɗauka, don haka samun gurbin koyarwa ya zo farko.

Rufin asiri akwai, arziki ne babu. Albashin koyarwa ne ginshiƙi, bincike kuma da tallafi ake yinsa, tallafin nan kuwa siyasa na kaɗa shi. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta hana kuɗin babban binciken halayyar jima'i a Birtaniya ana tsakiyar fargabar ƙanjamau, sai gidauniyar Wellcome ce ta biya. DHS ɗin da na ambata ma, da Amurka ta yanke kuɗin USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a farkon 2025, tsayawa ya yi cak, aka shiga neman mai ceto. Wanda ya dogara da kwangilar shekara biyu-biyu ya san zafin wannan.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai kuɗi ke zaɓar mana tambaya. Tallafin tazarar haihuwa ya fi sauƙin samu. Rashin haihuwa fa? A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya na fuskantarsa a wani lokaci na rayuwa, kuma a wurare da yawa mace ake ɗora wa laifi ko da matsalar daga namiji take. Masu bincikensa ba su kai girmansa ba. Haka lafiyar maza, haka matan da haila ta ɗauke musu. A ƙarshe, idan kin zo zaɓen malamin da zai duba aikinki na digiri, ki nemi tsofaffin ɗalibansa biyu ko uku ki tambaye su: yana karanta abin da aka ba shi, kuma sunan wa ke zuwa farko a takardar da ɗalibi ya rubuta?