Kun Tambaya, Mun Amsa: Ranar Da Birni Ya Cika Ya Batse

Wasiƙun wannan makon daga ɗalibai suke da iyayen ɗalibai, kuma duk a kan abu ɗaya: ranakun da babban birni ke fitowa ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, ko don biki, ko fareti, ko tunawa da wani abu na tarihi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana na fara karatu a Landan, kuma ina son ganin wasan wutar daren sabuwar shekara a bakin kogin Thames. Ƙawayena sun ce mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa da misalin ƙarfe 11 na dare, mu sauka a Westminster, shi ke nan. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. In kuka bi wannan shawara, shinge da bayan mutane kawai za ku gani. Tun 2014 aka mayar da kallon wasan wutar da ake yi a London Eye, wato ƙaton lilon nan mai juyawa da ke bakin kogin, na tikiti, kuma ana sayar da tikitin ne makonni kafin ranar, ta shafin ofishin magajin garin Landan. Ba a sayar da shi a ƙofa. Wanda ya tare ki a titi ko a intanet ya ce yana da ragowa, ki rabu da shi, domin kowace shekara ana mayar da mutane daga bakin ƙofa da tikitin jabu a hannu.

Tikitin kuma ba na ko'ina ba ne. An raba wuraren kallo shiyya-shiyya, kowace da launinta da ƙofarta, wasu a arewacin kogi wasu a kudanci. Idan taki shiyyar a kudu take kika sauka a arewa, ba lallai ki sami gadar da za ki tsallaka ba, don ana rufe gadojin da ke kusa. Saboda haka ku sayi tikitin shiyya ɗaya ke da ƙawayenki, kuma ku zaɓi ɓangaren kogin da masaukinku yake, saboda komawa gida. Ana rufe ƙofofin shiga kafin ƙarfe 11, lokacin da ƙawayenki ke shirin fitowa ke nan.

Ki san kuma abin da za ki tarar: tsayuwar sa'o'i uku ko fiye a cikin sanyin Disamba, a bakin ruwa, don kallon da bai kai kwata na awa ba. Sanyin ta ƙafa yake shiga, don haka safa mai kauri da takalmi mai tudun ƙasa sun fi babbar riga muhimmanci. Ki sa kaya kashi uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri, domin a cikin jirgi zufa za ki yi, a waje kuma zufar ce za ta koma ƙanƙara a jikinki.

Babban aikin yana bayan an gama. Mutum dubu ɗari suna juyawa lokaci guda, kowa na neman tasha mafi kusa, ita kuwa tashar ko an rufe ta ko ana shigar da mutane kashi-kashi. Tun da rana ki duba taswira ki fitar da tashar da ke da tafiyar minti 20 zuwa 30 a ƙafa daga wurin, a kan layin da zai kai ki gida ba tare da canji ba. Mai tafiya a ƙafa yakan riga mai layi isa gida a irin wannan dare. Haka abin yake a Faris ranar 14 ga Yuli, inda ake rufe tashoshin da ke kewayen babban titin Champs-Élysées da safe saboda faretin sojoji, da dare kuma na kusa da hasumiyar Eiffel. A dandalin Times Square na New York kuwa, a daren sabuwar shekara, ba a biyan kuɗi, amma 'yan sanda suna zuba mutane a cikin shingaye tun da rana, ba a shiga da jakar goyo ko lema, babu ban-ɗakin jama'a, kuma wanda ya fita ya bar gurbinsa ke nan.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Koriya ta Kudu. Tun da na ji labarin turmutsutsun da ya kashe matasa a Seoul hankalina bai kwanta ba. Na hana shi zuwa taro, amma na san yaro ne. Me zan faɗa masa da zai amfane shi? Daga wata uwa.

Amsa: Mama, Allah ya tsare shi, ya kwantar miki da hankali. Gaskiyarki, hani kaɗai ba zai wadatar ba, gara ya san yadda abin ke faruwa.

A daren 29 ga Oktoba 2022 mutum 159 suka rasu a unguwar Itaewon da ke Seoul, akasarinsu matasa, 26 daga ciki 'yan ƙasashen waje. Wurin wani lungu ne mai gangara da faɗinsa bai wuce mita huɗu ba, masu fitowa daga tashar jirgi suna hawa, masu barin wuraren shaƙatawa suna gangarowa. A Duisburg ta Jamus, a 2010, mutum 21 suka mutu a bikin kaɗe-kaɗe saboda hanya ɗaya ce ta shiga da fita. A Shanghai kuma, daren 31 ga Disamba 2014, mutum 36 suka rasu a kan matakalar wurin kallo a bakin kogi, wasu na hawa wasu na sauka. Ki duba wuraren uku: lungu, mashiga, matakala. Babu fili ko ɗaya a cikinsu. Haɗarin yana inda hanya ta tsuke kuma jama'a biyu suka yi karo.

Mutane suna zaton tattakewa ce ke kisa, ko kuma wani ne ya firgita aka ruga da gudu. Yawanci babu mai iya gudu ma. Matsi ne. Ana danne ƙirjin mutum ta gaba da baya, duk numfashin da ya fitar sai wurin ya ƙara tsukewa, huhu ya kasa sake buɗewa. Mutum yana iya suma a tsaye, kuma mintuna kaɗan sun isa.

Masana cunkoso suna auna abin da yawan mutane a murabba'in mita ɗaya. Mutum biyu ko uku, ana walwala. Daga biyar an shiga haɗari. In ya kai shida ko bakwai, taron ya zama kamar ruwa, turi ɗaya daga baya yana tafiya kamar igiyar ruwa har gaba, kuma babu wanda ke da iko da ƙafarsa. Ba zai tsaya ƙirga kawuna ba, don haka ga awon da zai yi da jikinsa. Idan mutane suna taɓa shi ta kafaɗu biyu lokaci guda, ya fara neman hanyar fita. Idan ya kasa ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, ko ya ji ana tafiya da shi ba da son ransa ba, ya riga ya makara da mataki ɗaya, sai dabarar tsira.

Dabarar ita ce ya ɗaga hannuwansa biyu gaban ƙirji, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar ɗan dambe, don ya bar wa haƙarƙarinsa 'yar tazarar numfashi. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan sassauce. Kada ya yi kokawa da turin, ƙarfinsa kawai zai ƙare. Ya bi shi, kuma duk lokacin da aka ɗan lafa tsakanin turi da turi, ya matsa taku ɗaya ko biyu a karkace zuwa gefe. Ya nisanci bango da shingen ƙarfe da ginshiƙi, don a jikinsu ake matse mutane. Ko wayarsa ce ta faɗi, ya bar ta. Wanda ya sunkuya a irin wannan wuri da wuya ya miƙe, kuma faɗuwar mutum ɗaya rami ce da na baya ke ruftawa ciki. Kada ya ɓata iskarsa wajen ihu. Idan na kusa da shi ya faɗi, a ɗago shi nan take. In shi ne ya faɗi ya kasa tashi, ya kwanta ta gefe, ya dunƙule, ya kare kai da ƙirji.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ya juya tun daga bakin lungu. In ya hango kawuna sun cika hanya har ƙarshenta kuma ba sa motsi, ya koma ta inda ya fito, ko da abokansa sun shige. A Koriya lambar 'yan sanda 112 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Ya kira tun cunkoson yana alama.

Tambaya: Mun je bikin unguwar Notting Hill a Landan mu biyar, muka rabu, waya ta ƙi shiga, sai dare muka haɗu a masauki. Kuma an zare wa ɗayanmu fasfo. Yaya ake kauce wa wannan? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau, sabis ne ya cushe. Turakun sadarwar unguwa an yi su ne daidai da mazauna unguwar, ba don dubban ɗaruruwan da ke cika Notting Hill a ƙarshen Agusta ba. A irin haka gajeren saƙon tes ya fi kira da WhatsApp saurin wucewa, amma yana iya makara, don haka a rubuta lokaci a cikinsa: “4:20, ina wurin da muka yi alkawari.” Waya mai lalube neman sabis kuma tana shan batir da sauri, sai a tafi da batirin ajiya da igiyarsa, a kuma sauke taswirar birnin a waya tun a masauki.

Wurin haɗuwa a tsayar da shi kafin a fita, tare da ƙa'ida: wanda ya ɓata minti 15 bai ga sauran ba, ya tafi can. Kada ya zama ƙofar tasha, don tashar Ladbroke Grove da ke tsakiyar bikin ma rufe ta ake yi, wasu na kusa kuma fita kawai ake bari a yi ta cikinsu. A zaɓi wani gini sananne mai tafiyar minti goma daga taron. Mutum biyar ba sa iya tafiya tare a cunkoso, ku kasu biyu da uku.

Batun fasfo ya danganta da ƙasa. A Birtaniya doka ba ta tilasta yawo da shi ba, gara ya zauna a ɗaki, a riƙe hotonsa a waya da katin makaranta. A Sin ana bukatar baƙo ya riƙe fasfonsa, kuma ba a shiga dandalin Tiananmen na Beijing sai da shi da rajistar da aka yi tun kafin zuwa. A Japan dole katin izinin zama ya kasance a jikin mai shi. Inda ya zama dole, a sa shi a 'yar jakar da ake ratayawa a ƙarƙashin riga. 'Yan sane sun fi aiki a ƙofar jirgi da lokacin da kowa ya ɗaga kai yana ɗaukar hoto. Abokinka ya kai rahoto wurin 'yan sanda ya karɓi lambar rahoton, da ita zai je ofishin jakadancin ƙasarsa, sannan ya sanar da ofishin ɗaliban waje na jami'arsa saboda bizarsa.

Tambaya: Ina Santambul. Wata safiya jiniya ta tashi, motoci suka tsaya, kowa ya ƙame a titi. Na tsorata na ci gaba da tafiya, mutane suna ta kallona. Me ya faru? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, 10 ga Nuwamba ce, ƙarfe 9 da minti 5, daidai lokacin da Mustafa Kemal Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu a 1938. Kowace shekara ƙasar tana tsayawa cik a wannan minti. Baɗi ki tsaya inda kike, ki yi shiru har jiniyar ta ɗauke, ya wadatar. Birtaniya tana da shirun minti biyu ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, Holan kuma ranar 4 ga Mayu da ƙarfe 8 na dare.

Akwai kuma ranakun da gari ke mutuwa gaba ɗaya, kuma su suka fi kama sabon ɗalibi. Ranar Kirsimeti babu jirgin ƙarƙashin ƙasa ko bas a Landan, manyan kantuna ma a rufe. A Jamus kantuna ba sa buɗewa ranakun hutu da Lahadi, sai na manyan tashoshin jirgi. A Sin hutun da ke farawa 1 ga Oktoba mako guda ne, tikitin jirgin ƙasa yana fitowa kwana 15 kafin tafiya kuma na manyan hanyoyi yana ƙarewa da wuri, sannan a rama wasu kwanakin hutun da aiki ko darasi ranar Asabar ko Lahadi. Ki nemi kalandar hutun ƙasar da ta jami'arki tun makon farko, ki yi cefane da sayen magani kwana biyu kafin kowane hutu.

Tambaya: Ina so in riƙa sayar da ruwa da tutoci a irin waɗannan ranaku don in rage kuɗin haya. Da matsala? Daga wani ɗalibi a Ingila.

Amsa: Da matsala babba, Malam. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta yarda mai karatun digiri ya yi aiki har sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, amma a ƙarƙashin wani mai ɗaukar aiki. Sana'ar kai an hana ta, kuma talla a titi sana'ar kai ce, ga shi tana bukatar lasisin ƙaramar hukuma. Ribar yini ɗaya tana iya jawo soke biza. Kamfanonin da ke ɗaukar masu nuna hanya da masu duba tikiti a manyan taruka suna neman ma'aikata makonni kafin ranar, kuma wannan aiki halas ne a gare ka muddin ka lissafa sa'o'insa cikin 20 ɗin makon. Ka fara nuna takardar aikin ga ofishin ɗaliban waje kafin ka sa hannu.