Amsar Maigida ga Yaronsa Kan Bel Marar Fata

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka ce wa mutumin da ya zo ina masallaci, ya nemi bel wanda babu fatar dabba ko ƙanƙani a jikinsa, wanda zai ɗaura da kwat zuwa ofis ya kuma ɗaura da wandon jins ranar hutu, har ka ce abin ya ba ka dariya tunda rumfar dukawa ya shigo. Kada ya ba ka dariya. Akwai mutanen da ba sa cin nama, ba sa shan madara, ba sa kuma sa duk abin da ya fito daga jikin dabba, kuma a Ingila aka raɗa musu sunan bigan a 1944. Akwai kuma Musulmin da ke gudun fatar alade, wadda ake yi wa wasu kayan waje shafi da ita, za ka gane ta da ƙofofin gashinta da ke zaune uku-uku. Ko wanne ne daga cikinsu ya zo, haƙƙinsa ne ka sayar masa da abin da ya nema.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, bel ba jaka ba ne. Jaka ratayawa ake yi, shi kuwa bel kullum ana jan sa, ana lanƙwasa shi a huda ɗaya, yana shan gumi da zafin jiki daga safe har dare. Kirgin saniya yana jure wannan ne domin zaruruwansa a sarƙe suke tun daga fuska har baya, abu ɗaya ne. Fatar roba kuwa hawa-hawa ce, an shimfiɗa leda a kan yadi an manne, saboda haka ƙarfinta yana ga abin da aka sa a tsakiya, fuskar ado ce kawai. Idan dila ya kawo maka kaya, ka cire kan bel ɗin ka dubi bakin yankan. In ka ga soso ko wani abu mai kama da kwali a ciki, ka mayar masa, domin a hudar da mai shi ya fi amfani da ita zai fara tsagewa.

Cikin fatun roba, mafi araha ita ce ledar PVC, tana da ƙyalli da warin roba, kuma idan ta kwana biyu sinadarin da ke tausasa ta yakan fita, sai ta ƙandare ta daddare. Ta PU, wata irin roba ce daban, ta fi ta laushi da kama da fata, amma zafi da laima suna cin ta, shi ya sa za ka ga bel ya kwana a akwati damina guda ya fito yana saɓa kamar maciji. Wadda na yarda da ita ita ce maikirofaiba, domin an cuɗe siraran zaruruwa ne aka jiƙa su da PU, ginin cikinta ya ɗan yi kama da na kirgi, tana karɓar ɗinki da huda ba tare da ta yage ba.

Mai aƙidar bigan yakan zo da karatunsa, zai iya ambata maka madadin fata da ake yi da tsirrai, irin su Piñatex, wadda ake yi da zaren ganyen abarba daga Filifin, ko Desserto ta ƙasar Meziko da ake yi da wani tsiro mai ƙaya dangin na hamada, ko ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, wanda a Fotugal ake sassaƙe shi duk bayan shekara 9 ba tare da an sare itacen ba. Ka gaya masa cewa yawancinsu ma sai an haɗa da roba ko an manna su a kan yadi kafin su yi bel.

A ganina bel biyu zai saya, domin guda ɗaya ba zai yi masa aikin biyu da kyau ba. Na yau da kullum ya zama saƙaƙƙe, na auduga mai kauri ko na nailan irin na sojoji, faɗinsa inci 1½, wanda ake wankewa kuma babu fuskar da za ta saɓe. Na kwat ya zama maikirofaiba, faɗinsa inci 1¼, baƙi ko ruwan ƙasa daidai da takalminsa, marar ƙyalli sosai, da ɗinki a gefe biyu da ƙaramin kai marar ado. Wajen awo ka ƙara inci 2 a kan ƙugun wandonsa, yadda harshen kan zai faɗa a huda ta uku cikin biyar.

Sauran inda ake yin kuskure shi ne ƙananan abubuwa. Sau da yawa jikin bel na roba ne amma ɗan zoben da ke riƙe jelarsa na fata ne, ko a yi masa shafi da fata ta baya. Akwai kuma wanda ake niƙa ragowar fata a kwaɓa da gam a matse, ido zai ce maka roba ce alhali da dabba a ciki. Idan kuma mu za mu ɗinka masa da hannunmu, kada ka goga wa zaren kakin zuma kamar yadda muka saba, domin zuma ma masu aƙidar bigan suna ƙaurace mata. Ka ɗauko zaren nailan, ka kuma shimfiɗa takarda a kan teburin kafin ka fara yanka.